Hannun da Na Sa wa Ladi

Dauda, Hannatu, da kai Auta, wannan babin naku ne fiye da sauran. Ranar bikin 'yar Hannatu a Mahuta, ina zaune ƙarƙashin rumfa ina fama da cinyar kaza da 'yan haƙoran da suka rage mini, sai na ji wata mata a bayana tana ce wa ta kusa da ita, "Kin gan ta can? Ita ce ta kashe shari'ar iyaye." Ta ɗauka kunnena ya tsufa kamar gwiwata. Na ji sarai. Na kuma ga Hannatu ta ji, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da raba lemo. Maganar matar ba ta dame ni ba, na ji wadda ta fi ta. Sunkuyar da kan nan ne ya tsaya mini a rai. To ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta yi. Gaskiya ne ni na kashe shari'ar, amma ba sayar da ita na yi ba, ko da yake har yau akwai masu rantsuwa cewa sun san wanda ya saya.

A shekarar da masaƙar da Babanku yake aiki a Kakuri ta rufe, ya yi wata biyar yana zaune kafin ya samu gadi a wata masana'anta a Kudenda. Ni kuma da ɗan buga tafireta da na koya tun ina budurwa, na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Makera, a saman shagon mai gyaran fanka. Shugaban ofishin shi ne Barista Iliya, mutumin Nasarawa, gajere mai sanƙo, wanda idan yana magana sai ka matso don ba ya ɗaga murya. Ƙungiya ce ta lauyoyi 'yan sa-kai, suna tsayawa a kotu kyauta a kan abin da ya shafi tarbiyya da 'yancin iyali. Su ne suka hana a buɗe gidan giya a jikin katangar wata firamare, su ne suka tsaya wa ma'aikatan da aka kora don sun ƙi aiki a lokacin ibadarsu, na Lahadi da na Juma'a duka. Mutanen unguwa suna kiran wurin Ofishin Iyaye. 'Yan bokon tsallaken kogi kuwa suna ce mana 'yan ra'ayin riƙau, Barista ya ce bai ƙi sunan ba muddin abin da muka riƙe mai kyau ne. Mu uku ne kullum a ofishin: shi, da ni, da Malam Sabo, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, wanda bai yarda da kowace takarda ba sai ya karanta ta sau biyu, ya juya bayanta ya duba.

Maganar ta taso ne daga makarantarku. Kun san mutanen unguwa ne suka gina ta da hannunsu, Kirista da Musulmi, kafin a damƙa ta ga wani kwamitin gudanarwa. Kwamitin nan ya shigo da sabon littafi na darasin zaman iyali, mai bayani a kan jiki da balaga da abin da ke tsakanin namiji da mace, kuma bai gaya wa uwa ko uba ko ɗaya ba. Ke ce kika kawo shi gida, Hannatu, kina shekara goma sha biyu. Na buɗe, na ga zane-zanen ciki, na rufe, na zauna a bakin gado. Ba zan yi muku gardamar littafin yanzu ba. Akwai shafukan da yau zan iya karanta wa jikokina, akwai waɗanda ko da wuƙa a wuyana ba zan karanta ba. Amma abin da Barista ya kai kotu ba a ƙone littafi ba ne. Abu biyu ya nema: a sanar da iyaye kafin a fara irin wannan darasi, wanda bai yarda ba kuma a bar shi ya cire ɗansa daga ajin a wannan sa'a. Yana fata idan aka ci a nan, sai ya zama ƙa'ida a sauran makarantu. Na yarda da wannan a lokacin, na yarda da shi yau, kada wani ya gaya muku na canza.

Don ƙarar ta yi ƙarfi, Barista yana bukatar sunayen iyayen da suka tsaya a bayanta, kowa da sa hannunsa, sannan wanda ya tara sunayen ya yi rantsuwa a kotu cewa a gabansa kowa ya sa. Malam Sabo ya ɗauki ɓangaren masallaci, ni kuma na coci. Gida-gida ya bi, yana zama yana karanta wa mutum takardar, mako uku cur, ya dawo da shafi ɗaya da rabi. Na yi masa dariya har da riƙe ciki.

"Malam, wannan ai tafiyar hawainiya ce," na ce. "Ni Alhamis ɗaya ta ishe ni."

"To, Allah ya taimaka, Maman Dauda," ya ce, ya ci gaba da goge tabaransa.

Ina da dalilin cika baki. Shekara goma sha ɗaya ina magatakardar zumuntar mata a cocinmu, littafin sunaye yana hannuna, kowace Alhamis kuma muke taro. Ku da kuka tashi a ciki kun san yadda muke yi, amma jikokina ba lallai su sani ba. A zumunta, idan aka kawo magana aka ce Amin, to Amin ɗin ta kowa ce, da wadda ta zo da wadda ba ta zo ba. Idan aka je gaisuwar mutuwa, sunan kowa ake rubutawa a takardar da za a miƙa. Wadda take asibiti, wadda ta tafi gida Filato ko Binuwai, wadda mijinta ya hana ta fita ran nan, maƙwabciyarta ce take sa mata hannu. Ba ha'inci muke ɗaukarsa ba, rufin asiri ne. Babban cin fuska shi ne a fitar da takarda babu sunanki, sai a ce an ware ki. Na taɓa ganin mata biyu sun yi shekara ba sa gaisawa don ɗaya ta manta ta sa wa ɗaya hannu a takardar barka da haihuwa.

Ranar Alhamis ɗin, Uwar Zumunta, Mama Rifkatu, ta miƙe a gaba da littafin makarantar, ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mai ɗauke da mataccen ɓera. Mace ce mai faɗi, mai muryar da ba ta bukatar lasifika, kuma ita ce ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, har da kai Auta. Na karanta takardar Barista da Hausa, ta tambaya, "Mun yarda?" Aka amsa Amin ɗin da ta girgiza kwanon rufi, masu kiɗan tulu suka buga, aka yi waƙa. Na riga na buga sunayen duk masu yara a makarantar daga littafina, sai takarda ta fara zagayawa. Ana ta cewa, "Wa zai sa wa Maman Joy?" "Kawo, ni ce kusa da ita." Da ta dawo hannuna, layi ɗaya ne ya rage babu komai, na Gwaggonku Ladi. Na ɗauki biro na sa mata. Na san hannunta sarai, da harafin farko mai doguwar jela, don na sha sa mata a gaisuwa da biki.

Kun san Gwaggo Ladi da furfura, ba ku san ta a lokacin ba. Ƙanwar Babanku ce da yake ji da ita, mijinta ya rasu a hatsarin mota ya bar ta da yara uku a ɗaki biyu a Mahuta. Malama ce a makarantar nan taku, tana koyar da kimiyya, biyu daga yaranta kuma suna karatu a can. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba ta taɓa kiran sunana ba. "Matarmu" take ce mini, ta shigo ta buɗe tukunya ta ce miyar ba gishiri, a mayar da ni gidan ubana, ni kuma in bi ta da muciya. Ran nan tana makaranta tana duba takardun jarrabawa shi ya sa ba ta zo ba. Na san ita aka ba darasin littafin. A raina na ce ai ita ce ma za ta fi kowa son a raba ta da wannan kaya. Ban tambaye ta ba. Ko kusa bai zo mini cewa akwai abin tambaya ba.

Washegari na ajiye shafi huɗu a gaban Malam Sabo ina taƙama. Ya karanta sau biyu, ya juya baya, ya dube ni ta saman tabarau.

"Maman Dauda, kowa da hannunta?"

"Kowa da hannunta," na ce.

Allah shi ne shaida, ban ji a jikina cewa ƙarya nake yi ba. A wurina hannun maƙwabciyarki hannunki ne. Da wannan zuciyar na je kotu, na ɗora hannu a Littafi Mai Tsarki, na rantse cewa kowace mace a gabana ta sa hannu da kanta.

Bayan mako biyu, ranar Asabar da rana, ina tsakar gida ina yanka yakuwa zan yi gwate, Ladi ta shigo. Ba ta buɗe tukunya ba. Ta ajiye wata takarda a kan turmi, ta tsaya.

"Saratu," ta ce, "wa ya sa mini hannu?"

Jin sunana a bakinta ya sa na ajiye wuƙar. Takardar daga kwamitin makaranta take. An kai musu sammaci da jerin sunaye, sun ga sunan malamarsu a cikin masu ƙararsu. Sun dakatar da ita, sun ba ta kwana bakwai ta amsa a rubuce ko hannun nata ne. Idan nata ne, ta kai masu ba ta aiki kotu a kan darasin da ita kanta take koyarwa, sai ta tattara nata ya nata. Idan ba nata ba ne, za su kai amsarta gaban alƙali. Idan ta yi shiru, za su ɗauka nata ne.

Kun san halina, idan na ji kunya faɗa nake yi. Na miƙe na ce ni ce mana, wa kuma zai sa mata, ko so take a ce na ware ta? Na ce ashe dama tana bayan littafin banzan nan ne, ita da take mawaƙiya a coci? Na faɗi maganganu da yawa, har maƙwabciyarmu Maman Chidi ta leƙo ta katanga. Ladi ta bar ni na gama.

"Kin taɓa tambayata?" ta ce. "Akwai shafi biyu da nake tsallakewa, ban taɓa koyar da su ba, hedimasta ma ya sani. Sauran kuwa ina koyarwa, don bara wata yarinya ta ga jini a ajina ta kwanta tana kuka wai mutuwa za ta yi, uwarta ba ta taɓa gaya mata komai ba. Maganar a tambayi iyaye, ban ƙi ta ba. Da kin kawo mini takardar, wataƙila da na sa, wataƙila da ban sa ba. Yanzu ni kaina ba zan taɓa sani ba."

"To me za ki rubuta musu?"

"Ba komai. Ba zan ce nawa ne ba, don ƙarya ne. Ba zan ce ba nawa ba ne, don ke kika yi rantsuwa, ni kuwa ba zan kai matar Yayana gidan yari ba."

Ta ɗauki takardarta ta fita. Gwaten ran nan kun ci shi babu gyaɗa, na manta ban zuba ba.

Kwana bakwai ɗin nan gidan ya cika da muryoyi, kowa da tasa. Dauda, kai kana ganin kanka babba, ka ce ai Gwaggo ta kai su ƙara kawai, ka ji a rediyo ba a korar mutum haka. Hannatu, ke kuka kike yi a bayan gida wai ke kika jawo da kika kawo littafin. Auta, kai kuma kana tambaya me ya sa Gwaggo ba ta kawo maka alawa ba. Babanku, da ya dawo daga Kudenda na gaya masa, ya cire takalman gadinsa, ya jera su a bakin ƙofa. Mutum ne da bai taɓa ɗaga mini murya ba, ran nan ma bai ɗaga ba, na so a ce ya ɗaga.

"Ladi ba ta da komai sai aikin nan," ya ce. "Ni kuma ba ni da kowa sai ke."

Ranar Talata na je wurin Mama Rifkatu. Ta saurare ni tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wannan ai ƙaramar magana ce. Ladi 'yar zumunta ce, sunanta yana littafi, an ce Amin, to hannun nata ne, ta rubuta haka kawai. Idan an kore ta, kora ce saboda Ubangiji, zumunta ba za ta bar 'ya'yanta da yunwa ba. Ta ce in tuna yaran unguwa nawa ne shari'ar nan za ta tsare, kada in bar mutum ɗaya ta rushe aikin Allah. Ba muguwar mace ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Abin da ta faɗa shi ne abin da ni ma na tashi a ciki, kuma na fito gidanta zuciyata ta yi sanyi, har na sayi rake a hanya. Da na iso mararrabar Mahuta sai na hango Ladi a bakin famfo da jarkoki, ƙarfe goma na safe, lokacin da ya kamata a ce tana gaban allo. Ba ta gan ni ba. Na koma ta wata hanyar, raken ya fita mini a rai.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na hau matakalar ofis na tarar da Barista da Malam Sabo suna shirya fayil ɗin shari'ar, don Litinin za a fara sauraro. Na faɗa musu a tsaye, ban ajiye jaka ba. Barista ya miƙo mini jerin sunayen da fensir, ya ce in yi alama a kan duk wadda ba da hannunta ta sa ba. Na yi ta yi, na yi ta yi. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Ya ajiye takardar a tebur, mai gyaran fanka a ƙasa yana ta buga guduma.

"Maman Dauda," ya ce a hankali, "a kan me muka kai kwamitin nan ƙara?"

"Sun yanke wa iyaye magana ba su tambaye su ba."

Na ji abin da na faɗa da kunnena, na nemi kujera na zauna.

Malam Sabo ne ya yi mini bayani dalla-dalla, don ya shekara talatin yana ganin irin wannan. Rantsuwar ƙarya laifi ne, alƙali yana iya yin gargaɗi ya bari, yana kuma iya miƙa ni ga 'yan sanda, babu mai iya yi mini alkawari. Barista ya ce shi dai tunda ya sani, ba zai iya tsayawa a kan takardar ba, zai janye ta ko da me. Amma janyewa kaɗai ba za ta ceci Ladi ba. Sai wadda ta sa hannun ta rubuta wa kwamiti kafin wa'adi ya cika, ta kuma faɗa da bakinta a kotu. Ya ce wannan ba zai tilasta mini ba. Na ja tafiretata na buga wasiƙar da kaina, layi biyar. Na yi kuskure sau uku a sunana. Malam Sabo ya raka ni har ofishin hedimasta, yana tafe a gaba da lemarsa, bai ce mini ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya.

Ranar Litinin matan zumunta suka cika bencin kotu da zanen anko, sun zo ganin nasara, don ban iya gaya musu ba. Wannan ma laifina ne. Barista ya miƙe ya ce yana neman janye takardar rantsuwa, aka kira ni. Alƙaliyar mace ce, siririya, tana rubutu ba ta kallon mutum. Na faɗi abin da na yi, na faɗi sunan Ladi, na ce ba ta sani ba, ba ta nan, ba a tambaye ta ba. Sai ta ajiye biro.

"Wani ne ya tilasta miki ki zo ki faɗi haka?"

"Babu, ranki ya daɗe."

"Kin san abin da zan iya yi miki?"

"An gaya mini."

Ta tambayi yadda aka yi, na ba ta labarin littafin zumunta da Amin. Ban sani ba ko ita ma 'yar zumunta ce a wani wuri, na dai ga ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun rasuwar uwata, ta ce kotu ba gidan gaisuwa ba ce. Ta ce don na zo da ƙafata za ta tsaya a gargaɗi. Sannan ta kori ƙarar, ta ce in masu ita suna so su sake shigarwa da takardun gaskiya. Lauyan kwamiti ya fita yana murmushi. Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa, babu wadda ta kalle ni sai Mama Rifkatu.

"Kin tsiraita mu a gaban duniya, Saratu," ta ce. "Ranar Alhamis ki zo da littafin."

Na kai. Na miƙa shi a gaban kowa, da biron da ke ɗaure a jikinsa da zare. Shekara goma sha ɗaya, ko na gode ba a ce ba. Na ji zafi, har yau in na tuna ina ji. Kafin wata ya ƙare labari ya zagaya Makera da Kakuri cewa kwamiti ya saye ni, wasu suka ce da firiji, alhali kun san randa muke sha har Dauda ya fara aiki. Na koma zama a bencin baya a coci. Shekarar nan aka ci gaba da koyar da littafin ba a tambayi kowa ba, wannan kuma ni na jawo, ba na musu.

Ladi ta koma aiki bayan mako uku. Abin da na je nema ke nan, na kuma samu. Amma ba ta dawo gidan nan ba. Idan mun haɗu a coci sai ta ce, "Sannu, Maman Dauda," in ce, "Sannu, Malama," kowa ya wuce. Babanku ne yake zuwa wurinta ranar hutunsa.

Barista bai kore ni ba, sai dai bai ƙara bari na yi rantsuwa a kan komai ba. Bayan damina ya ce za a sake shigar da ƙarar. Ya miƙo mini farar takarda mai layuka, babu suna ko ɗaya, ya ce in ina iyawa. Na bi tafiyar hawainiyar da na yi wa dariya. Gida-gida, in zauna, in karanta, in jira. An rufe mini ƙofa a wurare da dama. Abin da ya ba ni mamaki, wasu da suka fi kowa ɗaga murya ranar Amin, da suka ji takardar su kaɗai a ɗakinsu sai suka ce bari su yi shawara da maigida, ban ƙara jinsu ba. Wata kuma da ban taɓa jin muryarta a zumunta ba ta sa na karanta mata sau biyu, ta yi mini tambayoyin da sai da na koma na tambayi Barista, sannan ta dangwala yatsa. Wata biyu na yi, ban cika shafi biyu ba. Da waɗannan da na Malam Sabo aka koma kotu, kuma kafin a kai ga hukunci kwamiti ya nemi sulhu. Takardar nan da kuka riƙa kawowa gida farkon kowace shekara, mai tambaya ko uwa da uba sun yarda, daga nan ta fito.

Gidan Ladi na bari a ƙarshe. Barista ya ce in tsallake ta, kada a sake jefa ta cikin matsala. Na ce masa tana da yara biyu a makarantar, uwa ce kamar kowa, in na tsallake ta ai na sake yanke mata ke nan. Ya dube ni, ya ce to. Na rubuta sunanta da fensir a layi na ƙarshe, na tafi ranar Lahadi bayan sujada. Na same ta a ƙofar ɗaki tana tsince wake a tire. Na yi sallama, ta amsa, ta turo mini kujera da ƙafa. Na ce na kawo mata takarda ne, in karanta mata ko za ta karanta da kanta. Ta goge hannu a zane, ta karɓa. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta juya baya ta duba, ta sake komawa farko. Ina zaune ina kallon kajin maƙwabta. Na san in ta sa, aikinta yana iya sake shiga haɗari. Na san in ba ta sa ba, zan ji ciwo. Ban ce uffan ba, kuma kun san abin da wannan yake nufi a wurina.

Ta ninke takardar yadda na kawo ta, ta miƙo mini.

"Ba zan sa ba," ta ce. "Ina koyarwa a can, ba zan tsaya a ɓangare biyu ba."

"To," na ce. Na fara neman takalmina.

"Ina za ki, matarmu? Zauna ki taya ni tsintar waken nan, ko shi ma ba a koya miki a gidanku ba?"

Na zauna. Na tsince wake ina hawaye, ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa, tana yi mini tsiya har muka gama.

Kwafin takardar yana cikin akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardar aurenmu da Babanku. Idan kun zo raba kayana za ku gan shi, shafi biyu, ya yi ja don tsufa. A layin ƙarshe akwai sunan Gwaggonku da fensir, gabansa babu komai. Ba mantuwa ba ce. Kada wani ya cike shi.